Babi na Shida: Faɗa-wutan Hunturu

Faɗa-wutan hunturu ƙaramin ƙwaro ne na dazuzzukan Turai, daga cikin dangin ƙwarin nan masu fukafukai huɗu da ke kewaya fitila da dare. Masanin halittu ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1758, kuma sunan da masana suka san shi da shi a yau shi ne Operophtera brumata. Ana samun sa daga tsibiran Birtaniya har zuwa duwatsun Kokasas, daga Italiya har zuwa arewacin Norwe, a daji da lambu da shingen gona, duk inda akwai itatuwan da ke zubar da ganye idan sanyi ya shigo. Ba shi da girma, ba shi da ado, ba ya cizo, ba ya harbi. Duk da haka ƙwari kaɗan ne aka bi diddigin rayuwarsu shekara da shekaru kamar yadda aka bi tasa, saboda rayuwar tasa gaba ɗaya ta rataya ne a kan dacewa da lokaci, kuma tsuntsayen daji da dama sun rataya tasu a kan tasa.

Namiji da mace ba su yi kama ba ko kaɗan. Namijin yana da fukafukai masu launin toka-toka da ratsin ƙasa-ƙasa, faɗinsu idan ya buɗe su bai wuce milimita 22 zuwa 28 ba. Jikinsa siriri ne, marar nauyi. Macen kuwa tsawonta bai kai santimita ɗaya ba, ga kauri, ga dogayen ƙafafu, fukafukanta kuma 'yan guntaye ne da ba su ɗaga ta daga ƙasa. Wanda bai sani ba, idan ya gan ta tana hawan kututture, ba zai ce faɗa-wuta ce ba. Dukansu biyu ba su cin abinci bayan sun balaga. Bakinsu ya ƙanƙance, kuma abin da suke rayuwa da shi na 'yan kwanakin da suka rage musu shi ne kitsen da suka tara tun suna tsutsa, wata shida da suka wuce.

Daren hunturu

Yawancin ƙwarin Turai suna gama harkarsu kafin watan Oktoba ya ƙare. Wannan kuwa a lokacin yake farawa. A Ingila balagaggun suna fitowa daga ƙasa tun daga ƙarshen Oktoba har zuwa Janairu, sun fi yawa a Nuwamba da Disamba, lokacin da itatuwa suka tsaya tsirara kuma sanyi ya fara daskarar da raɓa. A arewa mai nisa suna fitowa da wuri, kafin ƙanƙara ta rufe ƙasa. A kudancin Turai kuma suna jinkirtawa. Da magariba ta yi, mata sukan fito daga cikin busasshen ganye su nufi kututturen da ya fi kusa su kama hawa. Maza kuma suna shawagi a hankali, ƙasa-ƙasa, tsakanin itatuwa. Mai tuƙa mota a hanyar da ta ratsa daji a irin wannan dare yakan gan su da yawa a hasken fitilarsa.

Macen ba ta neman miji da ƙafa. Takan tsaya a jikin itace ta saki wani sinadari a iska, namijin ya shaƙo shi da zarurrukan da ke kansa, ya biyo shi har inda take. A shekarar 1982 Wendell Roelofs na Jami'ar Cornell da abokan aikinsa suka gano sinadarin, suka kuma lura cewa mazan suna amsa kiransa a sanyin da ya kai digiri 4 zuwa 15 a ma'aunin Salshiyas, wato sanyin da ke sandarar da yawancin ƙwari. Yadda ƙwaro zai iya tashi a irin wannan sanyi ya daɗe yana ɗaure wa masana kai, domin tsokar fukafuki tana bukatar ɗumi. Bernd Heinrich da Thomas Mommsen sun yi nazarin wani ɗan'uwansa na Arewacin Amurka, Operophtera bruceata, suka wallafa sakamakon a 1985. Sun tarar yana tashi ko da zafin jikinsa ya kusa digiri sifiri, ba don yana da wata tsoka ta daban ba, sai don fukafukansa suna da faɗi ƙwarai idan aka gwada da nauyin jikinsa. Kaɗawa kaɗan ta ishe shi ya tsaya a iska.

Me ya kai ƙwaro fitowa a mafi munin lokacin shekara? Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne ƙarancin abokan gaba. A Disamba jemagu sun shiga dogon barcinsu na hunturu, tsuntsaye masu cin ƙwari da yawa sun yi ƙaura zuwa kudu, gizo-gizo ma ya lafa. Amma tsoron jemage bai bar jinin wannan dangi ba. Masu bincike a ƙasashen arewacin Turai sun gwada jin wasu ƙwarin hunturu na dangin, suka tarar mazan har yanzu suna jin siririyar ƙarar da jemage ke fitarwa idan yana farauta, yayin da kunnuwan mata, waɗanda ba su tashi, suka lalace.

Rashin fukafukin macen ciniki ne. Abin da za ta kashe wajen gina fukafukai da tsokar kaɗa su ta mayar da shi ƙwai, shi ya sa cikinta ya cika fam. Abin da ta biya kuwa shi ne zaɓi. Ba ta da ikon zagaya daji ta duba itacen da ya fi dacewa da 'ya'yanta. Wanda ƙafarta ta kai ta, shi ne nasu.

Ƙwai da toho

Bayan barbara macen takan ci gaba da hawa har rassan sama, tana ajiye ƙwai ɗaya-ɗaya ko kaɗan-kaɗan a tsagar ɓawo, a ƙarƙashin gansakuka, ko kusa da idon toho. Mace guda tana yin ƙwai ɗari ko fiye, wani lokaci har ɗari biyu da 'yan kai. Da fari kore ne, bayan kwanaki ya koma ruwan lemo, idan ya kusa ƙyanƙyashewa kuma ya yi duhu. Iyayen duk sukan mutu kafin hunturu ya ƙare. Ƙwan ne kaɗai ke ganin ƙarshensa.

Tsutsar wannan ƙwaro ba ta da tsani a abinci. Tana cin ganyen itacen oak, da birch, da maple, da tuffa, da wasu itatuwa masu yawa. A Sikotilan ma an ga ta addabi gajerun tsirran da ke rufe tuddai, da gandun wani itacen katako mai ganye kamar allura da aka kawo daga Arewacin Amurka. Amma a dazuzzukan kudancin Ingila da Holan da Beljiyam, inda aka fi nazarinta, itacen oak ne babban gidanta, kuma a kansa ne aka fahimci irin tsaka-mai-wuyar da take ciki.

Tsutsar da ta fito daga ƙwai a watan Afrilu ba ta fi milimita biyu ba. Ba ta iya huda tohon da ke rufe, domin yana da ɓawo mai tauri. Sai ya fara tsagewa take samun hanyar kutsawa ciki ta ci ganyen da bai gama warwarewa ba. Idan ta riga tohon fitowa, 'yan kwanaki kaɗan take iya yi da yunwa. Dabara ɗaya ta rage mata: ta saki zaren siliki daga bakinta, ta rataya, iska ta ɗauke ta. Wasu sukan dace su sauka a kan itacen da ya riga ya toho, amma mafi yawansu ƙasa suke faɗawa su mutu. Wannan shawagi da zare shi ne kusan kaɗai tafiyar nesa da jinin macen ke yi a duk tsawon rayuwa.

Idan kuma ta makara, wata matsalar ce ke jiran ta. Paul Feeny ya yi aiki a kan wannan a dajin Wytham da ke kusa da Oxford, ya wallafa sakamakonsa a 1970. Ya nuna cewa ganyen oak yana sauyawa da sauri bayan ya buɗe. Sabon ganye laushi gare shi, cike da ruwa da furotin. Cikin makonni kaɗan sai ya yi tauri, ruwansa da furotin ɗinsa su ragu, sinadarin tanin kuma ya ƙaru. Tanin shi ne irin sinadarin da ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita, kuma majeman Turai sun daɗe suna samun nasu daga ɓawon oak. Feeny ya ciyar da tsutsotsi da sabon ganye da kuma wanda ya ɗan kwana biyu, sai waɗanda suka ci tsohon suka tashi ƙanana. Masana na baya sun yi ta muhawara a kan ko tanin ne babban mai laifi ko kuwa taurin ganye da ƙarancin furotin, kuma ra'ayi ya fi karkata ga cewa duka suna da hannu. Sakamakon dai bai sauya ba. Tsutsar da ta makara takan zama ƙaramar mace, ƙaramar mace kuma ƙwanta kaɗan ne.

Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne itatuwan oak ba su toho rana ɗaya. Biyu na iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya riga ɗaya da mako biyu ko uku, kuma mai sammakon bana shi ne mai sammakon baɗi. A nan rashin tashin macen ya zama da ɗan amfani. Tsutsa tana sauka ne a gindin itacen da ta ci, idan ta balaga kuma galibi shi za ta hau. Wani bincike da aka yi a Beljiyam, wanda aka wallafa a 1997, ya nuna cewa ranar ƙyanƙyasar ƙwan matan da aka kama a jikin wani itace tana bin ranar tohon wannan itacen. Ƙwai ba ya ganin toho, zafi da sanyin da ya ratsa shi kawai yake ji. Amma yadda yake amsa zafin abin gado ne, kuma kowace shekara itacen yana tace waɗanda lissafinsu bai yi daidai da nasa ba.

Daga reshe zuwa ƙasa

Wadda ta dace da toho takan yi kamar mako shida tana ci. Koriya ce, da ratsi fari-fari a gefe da layi mai duhu a gadon baya. Ƙafafunta suna gaba da can baya, tsakiya babu, don haka idan za ta yi tafiya sai ta jawo bayanta zuwa gaba, tsakiyarta ta lanƙwashe sama, sannan ta miƙe. Duk 'yan danginta, waɗanda nau'insu ya haura 20,000 a duniya, haka suke tafiya. Takan haɗa ganye biyu da zare ta ɓuya a tsakani. Sau huɗu take saɓa kafin ta kai cikakken girmanta, kimanin santimita biyu. A shekarar da suka yi yawa, mai tsayawa a ƙarƙashin oak a watan Mayu yana jin kashinsu na zuba a kan busasshen ganye, kuma kafin wata ya ƙare itacen na iya komawa fayau. Oak mai lafiya yakan sake fitar da ganye a tsakiyar shekara, sai dai katakon da zai ƙara a wannan shekarar ya ragu. Idan abin ya maimaitu shekaru a jere, musamman in ya haɗu da fari, rassa sukan bushe, wani itacen ma ya mutu.

Daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni sai ta sauko a kan zare, ta tona ƙasa kaɗan, ta saƙa wa kanta kwanso da siliki da turɓaya, ta rikiɗe ta zama ɗan dunƙule mai taurin ɓawo. Wannan shi ne matakin kwanci. A haka za ta zauna wata biyar zuwa shida, duk tsawon lokacin ɗumi, har sanyin ƙarshen shekara ya tashe ta. Zuriya ɗaya ke nan a shekara.

Abin da ke kashe shi

Idan mace ɗaya na yin ƙwai fiye da ɗari, amma yawan ƙwaron bai ninka ba shekara bayan shekara, to kusan duka suna mutuwa a hanya. A ina, kuma me ke kashe su? George Varley da George Gradwell na Jami'ar Oxford sun ɗauki wannan tambaya da muhimmanci irin wanda ba a saba gani ba. Tun daga 1950 har kusan ƙarshen shekarun 1960, sun riƙa ƙirga faɗa-wutan hunturu a kan itatuwan oak guda biyar a dajin Wytham. A hunturu suna ɗaura tarko a jikin kututture su ƙirga matan da ke hawa, su fede wasu su ga yawan ƙwan da ke cikinsu. A Mayu da Yuni suna jera faranti a ƙasa su tari tsutsotsin da ke saukowa, su duba nawa ne ke ɗauke da cuta ko ƙwaron ciki. Daga bambancin ƙidaya ɗaya da mai bi mata suka fitar da asarar kowane mataki.

Abubuwa biyu suka fito fili. Na farko, abin da ke sa bana a yi yawa baɗi a yi ƙaranci shi ne asarar da ake yi tsakanin ajiye ƙwai da girman tsutsa, kuma mafi yawanta ta jariran da ba su dace da toho ba ce. Wannan asara ba ruwanta da yawan ƙwaron ko ƙarancinsa. Yanayin shekara ne ke yanke ta. Na biyu, abin da ke hana yawan ya wuce gona da iri yana ƙarƙashin ƙasa. Jaɓa da ɓeraye da wasu ƙwari masu taurin baya da ke farauta cikin busasshen ganye suna tono masu kwanci su cinye, kuma idan masu kwancin suka yi yawa, kason da ake cinyewa ma yana ƙaruwa. Wato mai girgiza yawan daban, mai riƙe linzaminsa daban. Hanyar lissafin da suka ƙirƙiro don raba waɗannan biyun ta shiga littattafan koyar da ilimin muhalli, ciki har da wanda suka rubuta tare da Michael Hassell a 1973. Itace biyar ba daji ba ne, kuma an yi wa hanyar tasu gyare-gyare daga baya, amma ƙidayar da aka yi ta kusan shekara ashirin ba tare da yankewa ba har yau tana da wuyar samu.

A cikin maƙiyan da suka ƙirga akwai wani ƙuda mai suna Cyzenis albicans. Macensa tana bin warin ganyen da tsutsa ta tauna, ta ajiye ƙananan ƙwai a gefensa. Tsutsar faɗa-wuta sai ta haɗiye ƙwan tare da ganye, ya ƙyanƙyashe a cikinta, ɗan ƙudan ya lafe a wurin da take yin miyau, ya jira har ta shiga ƙasa ta yi kwanci, sannan ya cinye ta daga ciki. A Wytham wannan ƙuda bai taka wata rawar a zo a gani ba, kaso kaɗan yake kashewa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne shi ma a ƙasa yake kwanci, har ya fi faɗa-wutan daɗewa, don haka jaɓa da sauran mafarauta suna cin sa.

Tsuntsaye

A dajin na Wytham, wanda ya zama mallakar Jami'ar Oxford a 1942, akwai wani nazarin da ya fi na Varley tsawo. David Lack ya fara shi a 1947 a kan wani ɗan tsuntsu mai baƙin kai da farin kunci da rawayan ƙirji, Parus major, kuma har yau ana ci gaba, da akwatunan sheƙa kimanin dubu da aka rataya a itatuwa. Wannan tsuntsu yana ciyar da 'ya'yansa da tsutsotsin ganyen oak, kuma na faɗa-wutan hunturu suna cikin mafi yawa. Sheƙa ɗaya takan ɗauki 'ya'ya takwas ko tara, iyaye kuma su yi sawu ɗaruruwa a yini suna kawo abinci.

Shi ma lokaci ne ke ɗaure shi. Tsutsar makonni kaɗan take yi a kan ganye kafin ta shige ƙasa, kuma 'yan tsakin sun fi bukatar abinci idan sun kai kwana tara ko goma. Uwar tana yin ƙwai ɗaya a rana, ta yi kwanci kusan mako biyu. Ke nan sai ta fara ƙwai kusan wata guda kafin ranar da tsutsa za ta fi yawa, tun itatuwa ba su gama toho ba. Wadda ta yi daidai 'ya'yanta sukan tashi da nauyi, kuma masu nauyi ne suka fi kai wa baɗi.

Da yanayin Turai ya fara ɗumama, sai wannan sarƙa mai zobe uku, itace da tsutsa da tsuntsu, ta zama wurin da masana suka fi zuba ido, domin babu tabbacin kowane zobe zai matsa daidai da ɗan'uwansa. A Wytham tsuntsayen sun bi sawu. Wani nazari da Anne Charmantier da abokan aikinta suka wallafa a 2008 ya nuna cewa cikin shekara 47 sun matso da ranar fara ƙwai da kimanin kwana 14, tsutsar ma ta matso da kusan haka. A gandun Hoge Veluwe na ƙasar Holan labarin ya bambanta. A can ana shimfiɗa ƙyalle a ƙarƙashin itatuwa a tara kashin tsutsa a auna, a san ranar da ta fi yawa. Marcel Visser da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 1998 cewa ranar ta matso gaba da fiye da mako guda cikin shekara ashirin da 'yan kai, amma tsuntsayen ba su matsa ba.

Wanda ya fi shan wuya shi ne baƙo. Akwai wani ɗan tsuntsu mai kama ƙwari, baƙi da fari, Ficedula hypoleuca, da ke hayayyafa a dazuzzukan Turai amma yake cin hunturunsa a Afirka ta Yamma, a dazuzzukan da ke kudu da Sahel, daga Gini da Kodebuwa da Gana har Nijeriya da Kamaru. Tsuntsun da ke zaune a nan ba shi da hanyar sanin cewa oak ya toho da wuri a Holan. Christiaan Both da abokan aikinsa sun nuna a 2006 cewa a dazuzzukan Holan inda tsutsa ta fi yin sammako, yawan wannan tsuntsu ya faɗi da kimanin kashi 90 cikin ɗari a ƙasa da shekara ashirin, alhali inda take makara bai ragu sosai ba.

Shi kansa faɗa-wutan bai tsira ba. Ƙwansa ya fi tohon oak saurin amsa ɗumi, har Visser da Leonard Holleman suka ba da rahoto a 2001 cewa, bisa lissafinsu, a wasu shekaru masu ɗumi ƙwan yana iya riga tohon da kusan mako uku a Holan. Irin wannan asara tana tace zuriya da ƙarfi. A 2013 Margriet van Asch da abokan aikinta suka nuna cewa cikin kimanin shekara goma ƙwan waɗannan dazuzzuka ya sauya ta hanyar gado: a zafi iri ɗaya, na baya yana jinkirin ƙyanƙyashewa fiye da na farko, tazarar da ke tsakaninsa da toho kuma ta ragu. Wannan na cikin misalai ƙalilan da aka tabbatar da cewa wata halitta ta daji ta sauya a jininta saboda ɗumamar yanayi a gaban idon masu aunawa.

Lambu, da ƙetaren teku

Masu lambun tuffa a Turai sun san wannan tsutsa tun kafin masana su fara ƙirga ta. Tana shiga tohon fure ta cinye shi, ta kuma ƙwarzane 'ya'yan da suka fara ƙullawa. Tsohon maganinta ya dogara ne da rashin tashin macen: a watan Oktoba a ɗaura wa kututture ɗamara mai danƙo, duk wadda ta zo hawa ta maƙale. Yana aiki, sai dai ba ya tare jariran da iska ke kawowa daga itatuwan maƙwabta.

A yawancin Turai ɓarnar wannan ƙwaro takan zo ta wuce. Inda ya zama annoba ta gaske shi ne Arewacin Amurka, inda ya isa ba tare da maƙiyansa ba. Ya shiga lardin Nova Scotia na Kanada a wajejen shekarun 1930, ba a gane shi ba sai a kusan 1950, lokacin da ya riga ya fara tsiraita dazuzzukan oak da lambunan tuffa. Daga 1954 hukumomin Kanada suka fara sakin ƙwarin da ke cin sa waɗanda aka kawo daga Turai. Biyu suka kama ƙasa: ƙudan nan Cyzenis albicans da wani siririn zanzaro, Agrypon flaveolatum. Kafin tsakiyar shekarun 1960 annobar ta faɗi warwas. Ƙudan da bai tsinana komai ba a Wytham shi ya zama jarumi a Nova Scotia, kuma Douglas Embree, wanda ya bi lamarin a can, ya bar ƙidayar da ake kwatantawa da ta Varley. Daga baya Jens Roland ya nuna cewa ƙudan bai yi aikin shi kaɗai ba. Ya rage yawan ne zuwa inda mafarautan cikin ƙasa za su iya riƙe shi, su kuma suka riƙe.

An maimaita haka a tsibirin Vancouver, inda ƙwaron ya ɓulla a shekarun 1970. A jihar Massachusetts ta Amurka an fara ganin ɓarna a ƙarshen shekarun 1990, aka ɗauka ɗan'uwansa na gida ne, sai a 2003 aka tabbatar baƙon ne. Joseph Elkinton na Jami'ar Massachusetts ya fara sakin ƙudan a 2005. An zaɓi ƙudan shi kaɗai saboda kusan ba ya taɓa wata tsutsa sai wannan. Ya ɗauki shekaru kafin ya kafu, amma a ƙarshen shekarun 2010 ɓarnar ta ragu ƙwarai a yankin.

A can ƙarshen arewacin Turai kuwa, inda Norwe da Suwidin da Finlan suka haɗu, ƙwaron da kansa yake faɗaɗa iyakarsa. Dazuzzukan wurin na gajerun itatuwan birch ne, kuma tun da can wani faɗa-wuta na daban, Epirrita autumnata, yake far musu kusan duk bayan shekara goma. Abin da ke tare faɗa-wutan hunturu daga shiga can shi ne tsananin sanyi, domin ƙwansa yana mutuwa idan sanyi ya kai wajen digiri 35 ƙasa da sifiri. Da irin waɗannan darare suka ragu, sai ya kutsa arewa maso gabas zuwa wuraren da ba a san shi ba, kamar yadda Jane Jepsen da abokan aikinta suka nuna a 2008. A shekarun 2000 nau'o'in biyu suka far wa dajin ɗaya bayan ɗaya, faɗa-wutan hunturu yana biyo bayan ɗan'uwansa da shekara ɗaya ko biyu, har itatuwa suka yi shekaru a jere ba ganye a faɗin dubban murabba'in kilomita. A yankin Varanger na gabashin Finnmark a Norwe birch da yawa sun mutu. Gajerun tsirran da ke ƙarƙashinsu, waɗanda tsutsotsin suka sauko suka cinye bayan ganyen sama ya ƙare, ciyawa ta maye gurbinsu, abin da ya sauya makiyayar da al'ummar Sami ke kiwon barewarsu ta ƙanƙara a cikinta. A wuraren da dabbobin ke kiwo da rani suna cinye sabon tohon da ke fitowa daga gindin matattun itatuwan, dajin yana jinkirin dawowa.